Sutura da Tsiraici: Wane Ne Ya Kamata Ya Ji Kunya?



A cikin hunturun da ya wuce, wata ranar kasuwar Illela, na taso daga Darna Sabon Gari da hantsi. Da na iso bakin babban titin nan da ya miƙe zuwa kan iyakar Birnin Konni, sai na tarar da cincirindo. Wani bawan Allah ne mai taɓin hankali yake tafe a tsakiyar jama'a, tik haihuwar uwarsa, jikinsa ya yi furu-furu da ƙura. Yara suna biye da shi da sowa, samari biyu ko uku sun ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar hotonsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ƙara sauri, ina gani a raina wai na yi abin da ya dace da mai ladabi. Ban yi nisa ba na ji sowar ta lafa. Da na waiwaya, sai ga wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta, ta yaye mayafinta tana ɗaura wa mutumin a ƙugu, tana ce masa, "Tsaya, ɗana, tsaya in ɗaure maka." Ya kuwa tsaya. Ta koma wurin kaskonta da ɗan kallabi kaɗai a kanta, a garin da mace mai shekarunta ba ta fita haka.

Tun daga ran nan wata tambaya take cin raina: a cikinmu duka da muke bakin titin, wane ne ya kamata ya ji kunya? Amma ba za a iya amsa ta ba sai an fara da wadda ta girme ta, watau me ya sa ɗan adam, shi kaɗai cikin dukan halitta, yake rufe jikinsa.

Amsar da ta fi kusa da baki ita ce sanyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ba mu da gashin tunkiya, ba mu da fatar raƙumi. Masu binciken kimiyya sun bi sawun tufafi ta wata hanya mai ban dariya, watau ta wurin kwarkwata. Kwarkwatar kai dabam take da kwarkwatar tufafi, ta biyun kuwa ba ta iya zama sai a cikin ɗinkin abin da mutum ya sa. A 2011 masana na Jami'ar Florida ta Amurka suka auna lokacin da waɗannan biyu suka rabu, suka ce tsakanin shekara 83,000 ne zuwa 170,000 da suka wuce, saboda haka tun wajen lokacin ne mutane suke sa sutura. A wani kogo kuma a gaɓar tekun Maroko an tono kayan aiki na ƙashi, irin na gyaran fata, masu shekara 90,000 zuwa 120,000. Kada wannan lissafi ya tayar wa kowa hankali, gama Littafin Farawa bai zo domin ya koya mana ƙidayar shekaru ba.

Sai dai sanyi bai isa ya zama dukan amsa ba. Sa'ad da Charles Darwin ya isa Tierra del Fuego a 1832, can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka inda ƙanƙara take zuba, ya tarar da mutanen wurin kusan ba kome a jikinsu sai 'yar guntuwar fata a kafaɗa. Mu kuma nan ƙasar Sakkwato, a tsakiyar bazara, sa'ad da ma'aunin zafi ya haura 40, za ka ga dattijo ya sa wando da 'yar ciki da babbar riga, ya naɗa rawani, zai tafi ɗaurin aure. Inda sanyi ne kaɗai dalili, da mutanen ƙasar ƙanƙara sun fi kowa tufafi, da Bahaushe ya tsaya ga bante.

Ashe tufa magana take yi. Tun kafin mutum ya buɗe baki, rigarsa ta riga ta faɗi ko shi wane ne: basarake ne ko malami, soja ne ko amarya, mai takaba ce ko mai jego. Ba a cewa an zaɓi sarki sai an ce an naɗa shi, in kuwa aka raba shi da sarauta sai a ce an tuɓe shi. Tarihin ƙasar da muke zaune a kanta ya shaida haka. 'Yan shekaru kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka a kan jama'ar Shehu, a cikinta har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Degel ba ta da nisa da mu. Sarkin ya gane cewa ƙyalle a ka yana iya zama tuta, shi ya sa ya ji tsoronsa. Haka kuma Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda saƙa da rinin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Al'ummar da ta gina arzikinta a kan zare da baba, ba abin mamaki ba ne ta riƙa auna mutum da yawan ƙyallen da yake jikinsa.

A nan ne kuwa haɗarin yake, domin abin da ake kira tsiraici ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ka dubi Buzun da ya kawo raƙumansa kasuwar Illela. Ya rufe bakinsa da hancinsa da rawani, kuma a gaban surukinsa ba zai yarda ya buɗe ba, har in zai sha shayi sai ya tura kofin ta ƙarƙashin ƙyallen. A wurinsa, bakin namiji a buɗe abin kunya ne. Mu kuwa da muke yawo baki a sake, a idonsa ba mu gama shiri ba. Ka dubi kuma 'yan kokawa da 'yan dambe. A gasar kokawar takobi ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ƙarti suna shiga fili ƙirji a waje, cinya a waje, a gaban sarakuna da gwamnoni da mata da yara, ba mai cewa sun yi tsiraici. Amma bari ɗayansu ya shiga gidan makoki da wannan shiga, a ga yadda za a karɓe shi. Girkawan dā tsirara suke wasannin tsere da kokawa, har kalmar da Turawa suke kiran ɗakin motsa jiki da ita ta fito ne daga kalmarsu "gumnos", watau tsirara. A Jamus har yau akwai bakin ruwa da aka keɓe wa masu wanka ba tufa, a Finlan kuma mutane suna shiga ɗakin wankan tururi ba kome a jikinsu, ba su kuwa ɗauki abin a kan iskanci ba. Ban kawo waɗannan domin mu kwaikwaye su ba. Na kawo su domin mu gane cewa iyakar da kowace al'umma ta ja a jikin mutum, hannun mutane ne ya ja ta.

Wannan magana ta shafe mu fiye da yadda muke son tunawa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda, kakanninsu walki suka ɗaura, kakanninsu mata kuma ganye. An yi musu ba'a da sunan arna masu ganye, kuma ba'ar ta fito daga bakuna da yawa: na fatake, na ma'aikatan mulkin mallaka, har da na waɗansu masu wa'azin bishara waɗanda suka kusa ɗaukar wando a kan sharaɗin baftisma. A Gana, daga ƙarshen shekarun 1950, Hannah Kudjoe ta jagoranci yaƙi da tsiraici a arewacin ƙasar, ana raba wa mutane tsofaffin tufafin da aka tara. A ƙasarmu kuma, a 1986, jaridu suka cika da labarin mutanen Koma na duwatsun Alantika, a tsohuwar Jihar Gongola, ana cewa wai an gano su, kamar dā ɓacewa suka yi. Aka yi ta buga hotunan matansu da ganye a ƙugu, masu karatu a birane suna kaɗa kai. To, ina tambaya: matar da ba za ta taɓa fitowa daga ɗakinta ba sai ta tsinko sabon ganye ta ɗaura, wadda in ganyen ya faɗi za ta durƙusa nan take har a miƙo mata wani, ita ce marar kunya? Tana da kunya sarai. Ƙyallenta ne ya bambanta da namu. Wanda ya tsaya a kanta da na'urar ɗaukar hoto ba tare da ya nemi izininta ba, shi ya kamata a tambaya ina tasa kunyar take.

Saboda haka abin da ya haɗa Buzu da Bakome da Bajamushe ba yawan tufa ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu yana da wani abu na jikinsa da ya ce ba na kowane ido ba ne. Jaki ba shi da wannan, gama jaki bai san ana kallonsa ba. Mutum ya sani. Ya kuma san cewa idon da yake kallonsa yana iya ganinsa mutum, yana kuma iya ganinsa nama.

Harshenmu ya riga masu falsafa gane wannan. Kalmar sutura tana nufin tufa. Amma in mun ce Allah ya suturta mu, ba riga muke roƙo ba, rufin asiri muke roƙo. In kuma aka ce an yi wa mamaci sutura, ana nufin an wanke shi, an sa shi a likkafani, an kai shi makwancinsa. Gawa ba ta jin ɗari, ba ta kuma neman ado, duk da haka ba Musulmi ko Kirista ko mai bin addinin gargajiya da zai yarda a kai mahaifinsa kabari a buɗe. Likkafani ya isa shaida cewa tufa tana tsaron wani abu da ya wuce fata, wanda muke kira mutunci. Kishiyar wannan kuma tana nan a bakinmu: wanda aka tona wa asiri a bainar jama'a, cewa muke yi an kwance masa zane a kasuwa.

Littafin Farawa ya ba da labarin a taƙaice, amma akwai zurfi a cikinsa. Da fari Adamu da Hauwa'u suna tsirara, ba su kuwa jin kunya, domin ba wanda yake tsoron idon ɗan'uwansa. Bayan sun yi zunubi jikinsu bai sāke ba ko kaɗan. Idonsu ne ya sāke. Suka ɗinka ganyen ɓaure suka ɓuya. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin, har su ɗauka cewa jiki ne abin ƙyama. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba, ta ma yi ta fama da masu koyar da haka tun ƙarnonin farko, gama jikin nan ne Ɗan Allah ya ɗauka, shi ne kuma za a tayar a ranar ƙarshe. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne ƙarshensa: kafin Allah ya fitar da su daga gonar, sai da ya yi musu tufafi na fata ya sa musu. Ga masu laifi biyu a tsaye, hukunci ya riga ya tabbata a kansu, amma Mai Shari'a bai kore su a buɗe ba. A ƙasar da aka san ta da jar akuya da sana'ar dukanci, ya kamata mu ji daɗin cewa walki na fari daga hannun Allah ya fito. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin ganyen nan a Suratul A'araf, inda aka ambaci tufar rufe al'aura da ta ado, aka kuma fifita tufar tsoron Allah a kansu.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya daɗe yana tunani a kan wannan al'amari. A littafin da ya wallafa a 1960 a kan ƙauna da alhaki, tun yana mataimakin bishop a Krakow ta ƙasar Polan, ya bayyana cewa kunya garkuwa ce da mutum yake kāre darajarsa da ita, kada a mai da shi abin amfani. Ya kuma ce ba a auna rashin kunya da yawan fatar da ta fito kaɗai, sai an duba wuri da al'ada da niyya. A Fadar Batikan akwai ɗakin sujada na Sistina, inda Michelangelo ya gama zanen Ranar Shari'a a 1541, ya zana mutane da yawa ba tufa. Aka yi ta gunaguni, har a 1565 aka sa wani mai zane, Daniele da Volterra, ya bi su yana zana musu ƙyalle, abin da ya jawo masa laƙabin mai wanduna. Da aka gama wanke zanen a 1994, Paparoman nan ya yi Misa a gabansa, ya yabe shi a kan shaida ce ta darajar jikin mutum a hasken Mahaliccinsa. Likitan da yake duba majiyyaci da ungozomar da take karɓar haihuwa su ma suna ganin jiki a buɗe, ba wanda ya ce sun yi laifi.

To, in haka ne, mugun tsiraici shi ne wanda aka ɗora wa mutum da ƙarfi. Duk mai son ya karya mutum, da tufafinsa yake farawa. Haka aka yi wa bayi a kasuwannin dā, ana tuɓe su ana dudduba su kamar dabbar layya. Haka sojojin Roma suka yi wa Ubangijinmu, abin da muke tunawa a tasha ta goma ta Hanyar Gicciye. Haka kuma aka yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu, ran 5 ga Oktoba 2012: aka zarge su da sata, aka tuɓe su, aka zaga gari da su, sa'an nan aka kashe su, ana ɗauka a waya. Tuɓewar ce ta share wa kisan hanya, domin da zarar taro ya ga mutum tsirara a ƙasa, ya daina ganinsa ɗan wani. Kada mu ce abin Kudu ne. A kasuwanninmu ma, in an yi ihun ɓarawo, hannu na fari wuyan riga yake nufa. Yanzu kuma an sami sabuwar kasuwar da ba ta tashi: saurayi ya ɓata da budurwa, sai ya watsa hotonta a waya, ɗaruruwan mutane masu zuwa coci da masallaci su buɗe su kalla, su tura wa na gaba, kowa yana cewa tir da yarinyar.

Iyayenmu mata sun san wannan hisabi, har sukan juya shi. A 1992, a dandalin Uhuru na birnin Nairobi, iyayen fursunonin siyasa, tsofaffin mata, suka tuɓe a gaban 'yan sandan da suka zo dukansu. A watan Yuli na 2020 matan Zangon Kataf suka fito zanga-zanga a kan kashe-kashen da ake yi a ƙauyukansu, waɗansunsu suka yar da zane. Ba wanda ya ga uwa ta yi haka ya ce ta rasa tarbiyya. Kowa ya gane abin da take faɗa: kun kai ni inda ba sauran abin da zan rufe, kunyar ta koma kanku. Waliyyi Faransis na Asisi ma, ɗan attajirin mai fataucin tufafi, wajen 1206 ya tuɓe kayansa a gaban jama'a ya mayar wa mahaifinsa, Bishop Guido kuwa bai tsaya yi masa faɗa ba, ya buɗe alkyabbarsa ya rufe shi.

Kada wani matashi ya karanta wannan ya ce Fada ya ba da izinin kowace irin shiga. Ban bayar ba. Tun da yake tufa magana ce, akwai maganar da ba ta dace da gidan Allah ba, akwai kuma wadda ba ta dace da garin da kake baƙunta ba. Yarinyar da ta zo daga Legas hutu, da saurayin da ya saki wandonsa har rabin ɗuwawu, ya kamata su san cewa a Illela suke, a tsakiyar maƙwabta masu nasu ma'auni, kuma ladabi ga maƙwabci sashe ne na ƙauna. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara. Amma in faɗi gaskiya a kanmu masu wa'azi: mun yi huɗuba goma a kan tsawon siket ɗin 'yan mata kafin mu yi ɗaya a kan idon maza, alhali kuwa a Huɗubarsa Bisa Dutse, a kan mai kallon sha'awa ne Yesu ya ɗora laifin, har ya yi maganar ƙwaƙule ido. A labarin Nuhu kuma, tsohon ne ya sha ya bugu ya kwanta a buɗe, amma ɗan da ya gani ya fita yana ba da labari shi ne ya jawo la'ana a gidansa. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi a kafaɗunsu, suka shiga da baya da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun dube shi ba.

Akwai kuma tsiraicin da ba ya jawo taro, shi ya sa ba mu cika ganinsa ba. Almajirin da yake rawar ɗari da asuba cikin yagaggiyar riga ɗaya. Matan da suka gudo daga ƙauyukan gabashin Sakkwato cikin dare saboda 'yan bindiga, daga su sai zanen da yake jikinsu, waɗansu har suka ƙetare zuwa Nijar. Magidancin da ya daina zuwa Misa, aka ɗauka bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ashe wandonsa ɗaya ne kuma ya yage. Ko gwanjon da ya saba saye ya fi ƙarfinsa tun da aka yi ta rufe kan iyaka, a 2019 da kuma 2023. A sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, inda aka lissafta abin da za a tambaye mu a ranar shari'a, suturta marar tufa yana ciki, tare da ciyar da mayunwaci da ziyartar ɗan kurkuku. Ban ga inda aka lissafta kau da kai ba, wanda shi ne abin da ni na yi a bakin titi, da jakata a rataye, da rigar sanyi a ninke a cikinta.

Bayan mako biyu na sāke ganin mutumin nan kusa da tashar mota, yana zaune yana cin wani abu a leda. Mayafin yana nan a ƙugunsa, ya yi baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya yage, amma ƙullin da aka yi masa bai kwance ba. Na bi ta wurin tsohuwar na sayi ƙosai, na ce mata, "Inna, na ga ɗanki har yanzu yana riƙe da kyautarki." Ta dube ni ta ce, "Wane ɗa?" Sai da na tuna mata. Ta yi dariya, ta ce ai mayafin dā ma ya tsufa, ta juya ƙosanta.